Maganin Nazih da Azumin Bana

Greenacre, Sidni
Lahadi, 11 ga Shawwal

Zuwa ga yayata Hiyam, Ummu Ziyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta same ku cikin lafiya da rufin asiri, ke da Umma da Abu Ziyad da yara baki ɗaya. Allah ya karɓi abin da muka yi a watan da ya wuce, ya yafe mana inda muka gaza, ya sassauta wa Umma ciwon gwiwarta da sukarinta. Mu nan lafiya. Maigidana Abu Karim yana nan yana fama da tuƙinsa, bayansa dai ya fara yi masa gardama. 'Yata Lamis cikinta ya shiga wata na bakwai, ƙafafunta sun kumbura amma likita ta ce ba abin damuwa ba ne. Sanyi ya fara shigowa, na san ku kuma yanzu ne kuke fita daga naku.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali kusan kullum muna waya. Dalili shi ne duk lokacin da na kira, Umma tana gefenki tana cewa a ƙara murya, abin da zan faɗa kuwa ba na so ya fara shiga kunnenta kafin naki. Hajiya Ummu Talal za ta taso zuwa wajenku ranar Talata, ita zan ba. Na haɗa mata da safar Umma da man shafawar gwiwa. Ki karanta a ɗakinki ke kaɗai, kuma ki yi haƙuri da tsawonta, sau uku ina farawa ina yagewa.

Yaya, na yi miki ƙarya a kan ƙaninmu Nazih. Da na ce miki an kwantar da shi asibiti ranar tara ga azumi saboda jininsa ya yi ƙasa, ba haka ba ne. Saura kaɗan mu rasa shi, kuma da hannuna a ciki.

Kin san farkon abin: faɗowar da ya yi daga rufin gidan da yake aiki, ƙwayoyin ciwon baya da aka yi ta rubuta masa, da yadda ya koma sayen hodar hiroyin bayan an daina rubutawa. Kin san matarsa Sawsan ta kwashe 'yan matanta ta koma gidan iyayenta, ni kuma na ba shi ɗakin da ke bayan gidanmu. Abin da ba ki gani da idonki ba shi ne shekara biyu da wata huɗun da suka biyo baya. Kowace safiya sai ya tashi ya tafi asibitin masu barin shaye-shaye, ya tsaya a layi, a miƙo masa ɗan kofin metadon, maganin da ke kashe masa ƙishirwar hodar, ta taga, ya shanye a gaban nas, ya buɗe baki ta gani. Haka kullum, ko ana ruwa ko ana rana. A cikin wannan lokaci ne ya koma aikin tayil, ya yi ƙiba har wandunansa suka matse shi, Sawsan ta yarda yana ɗaukar yaran ranar Asabar. Ya dawo yana tsokanata kamar da. In na yi masa faɗan sallah sai ya ce, to Shaihiyar gidanmu, a yi mana afuwa, yanzu za a yi alwala.

Bara ya sa hannu ya shiga wani bincike da jami'a take yi a asibitin, na gano abin da ke sa mutane su bar magani da abin da ke samunsu bayan sun bari. Mai kula da shi wata nas ce, Bronwyn, farar mace mai furfura, ta girme ni kaɗan. Duk wata uku takan zo gidan da takardunta ta yi masa tambayoyi, ta sha gahawa, ta yaba zaitun ɗin da kike aiko mana. Zuwanta na biyu ta kira ni gefe ta ba ni wani ɗan kwali mai feshin hanci guda biyu, ta ce idan wata rana na same shi ba ya numfashi saboda hodar nan, in fesa masa a hanci in kira motar asibiti. Har ta sa na gwada a kan 'yar tsana. Na karɓa don kunya, amma raina bai so ba. Ji na yi kamar an ce in yanka wa mai rai likkafani in ajiye. Na jefa shi saman firij, bayan gwangwanin shayi, ban ƙara waiwayarsa ba.

Da Sha'aban ya raba, kin tuna saƙon murya da kika aiko masa, kika ce bana ya daure ya yi azumi, azumi zai wanke masa jiki daga wannan guba, Umma kuma ta samu farin ciki kafin ta bar duniya. Ba don in ɗora miki laifi nake tunatar da ke ba, ni ma abin da ke raina ke nan. Shekara shida rabonsa da azumi. Kowace shekara yana zama da mu a shan ruwa yana sunkuyar da kai, Ghazi ƙanin Abu Karim kuwa ba ya raga masa. Sai ya ce a fara zuba wa Nazih miya, ai shi ya fi kowa shan wahala, tun da hantsi ya sha ruwa a wurin nas. Maza su yi dariya, shi ma ya yi, amma na san dariyar ba ta kai ciki ba.

Matsalar ita ce tagar maganin daga bakwai na safe take zuwa sha biyun rana. Ya roƙe su su riƙa ba shi ya zo gida ya sha da sahur, suka ce sai likita ya duba, ganin likitan kuwa sai bayan mako uku. Sai ya same ni a kicin ina gyaran faski, ya tambaye ni tsakani da Allah ko ɗan kofin nan yana karya azumi. Na ce masa duk abin da ya wuce maƙogwaro da gangan yana karyawa. Gaskiya na faɗa, Yaya, amma rabinta. Ni da ke mun zauna a tabarma ɗaya gaban Malama Ummu Rashid, mun san rangwamen da Allah ya yi wa maras lafiya tun ba mu kai shekara goma ba, kuma ni ce nake koya wa matan unguwa wannan babin duk ranar Laraba. Na faɗa masa shi ma, amma a gurguje, murya ƙasa-ƙasa, ina kallon wuƙata. Ina so in gan shi da azumi. A zuciyata ban ɗauke shi maras lafiya ba, na ɗauke shi mai laifi da ya kusa gama tuba.

Ya ɗauki azumi, ya daina zuwa taga. Ranar farko da ta biyu murna ta hana ni zama, har hotonsa na turo miki yana riƙe da dabino. Rana ta uku ya fara hamma ba tsayawa, hanci yana zuba, gumi yana keto masa alhali yana cewa sanyi yake ji. Ƙafafunsa suka hana shi kwanciya. Na ce dattin ne yake fita, na dama masa zuma da habbatus sauda, na tofa masa addu'a a ruwa. Rana ta shida, ban sani ba, ashe ya koma asibitin da kansa. Suka ce tunda ya yi kwanaki bai sha ba, ba za a iya ba shi adadinsa na da ba, sai an faro daga ƙasa. Aka ba shi ɗan kaɗan da bai kashe masa komai ba. Ya ga ya karya azumi kuma bai samu sauƙi ba, kunya ta hana shi gaya mini, ta kuma hana shi komawa.

Ranar tara, bayan la'asar, na ɗora mai ina suyar sambusa, sai na tuna babu lemun tsami. Na zagaya baya in tsinko a bishiyar da ke bakin ƙofarsa. Nan na ji wani irin minshari da ban taɓa ji ba, a yi ɗaya a daɗe kafin a yi wani, kamar ruwa yana wucewa a toshasshen bututu. Na kira sunansa, shiru. Na tura ƙofa na same shi a ƙasa tsakanin gado da bango, leɓɓansa sun koma shuɗi, fatarsa sanyi ƙalau. Na girgiza shi, na mare shi, ko gezau. Ban san yadda na kai kicin ba, na dai ga kaina a kan kujera ina lalube saman firij, gwangwanin shayi ya faɗo ya watse.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko Abu Karim. Da na durƙusa a kansa na kai feshin bakin hancinsa, sai idona ya kai kan agogon bango. Saura minti arba'in a sha ruwa. Hannuna ya tsaya. Wallahi, Yaya, tunanin da ya zo mini shi ne abin da aka shaƙa ta hanci yana karya azumi, ga shi ya kusa kai azuminsa. Ɗan'uwana yana mutuwa a gabana, da allurar hodar da ya yi wa kansa a yashe a gefensa, ni kuwa ina lissafin magariba. Ban san ko daƙiƙa nawa na yi a haka ba, wataƙila uku, wataƙila biyar. Sai na danna. Na kira motar asibiti, matar da ta ɗauka tana gaya mini yadda zan juya shi a gefe. Bai motsa ba. Na fesa na biyu a ɗaya hancin. Can sai ya ja wani dogon numfashi, ya yi amai a kan zanena, ya buɗe ido, abin da ya fara yi shi ne zagina. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Maƙwabciyarmu ce ta ga hayaƙi ta shiga ta kashe wutar sambusa, da gidan ma ya tafi.

Washegari Bronwyn ta same ni a barandar asibiti. Ita ta fahimtar da ni abin da ya faru. Ta ce jikin mutum yana saurin manta abin da ya saba ɗauka, adadin da Nazih yake yi shekara uku baya ya miƙe ya tafi aiki, yanzu ya isa ya tsayar masa da numfashi. Ta ce a aikinsu ba wanda suke jin tsoro a kansa kamar wanda ya bar magani kwatsam, ko wanda aka sako daga kurkuku jiya, domin su ne ake tsinta a ƙasa. Sai ta tambaye ni me ya sa ya bari, shi da bai taɓa fashi ba. Na ce azumi. Ta ce ta san muna barin abinci, amma wannan ai magani ne, bai fi cokali biyu ba. Na ce ko ɗigon ruwa. Shekara talatin da ɗaya ina amsa wannan tambayar a ƙasar nan, ranar ce kaɗai na ga amsar ta sa fuskar mutum ta canza.

Bayan kwana biyu ta zo gida ba tare da ta yi waya ba, ta ce in ara mata kalandar da mahaucinmu yake rabawa, mai ɗauke da watanninmu. Na lalubo mata har da ta bara da ta bara waccan a cikin durowa, kin san ba na zubar da takardar da ke da sunan Allah. Ta tafi ta jera su da bayanan mutanen da take bi. Da ta dawo ta zauna a kicin ɗina, gahawarta ta huce ba ta taɓa ba. Ba ta faɗa mini suna ko ɗaya ba, ba ta da izinin haka, amma ta ce Nazih ba shi kaɗai ba ne. Kowace shekara akwai waɗanda suke ɓacewa daga taga a makon farko na azumi, kuma tunda watan yana matsawa gaba duk shekara, ba wanda ya lura. A takardar tambayarsu akwai gurbin dalilin barin magani: tafiya, ɗauri, rashin lafiya, rashin kuɗin mota. Babu azumi. Mutanenmu kuwa in an tambaye su sai su ce sun yi tafiya, don wa zai tsaya yana yi wa Baturiya bayanin abin da shi kansa yake jin kunyarsa. Ta ce ɗaya daga cikinsu bara bai dawo ba sam. Ban tambaye ta ko wane ne ba, amma na tuna jana'izar da aka yi a tsakiyar azumin bara aka ce zuciya ce, na tuna da uwarsa da nake zama kusa da ita a masallaci. Wataƙila ba shi ba ne. Ban ƙara iya haɗa ido da ita ba dai.

Ni na kai Bronwyn wurin Shaihu Abu Anas, dattijon limamin ƙaramin masallacinmu. Ta ɗaura gyale a karkace, kunne ɗaya a waje, ta zauna tana yi masa bayani ina fassarawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni, ba da faɗa ba, ya ce: "Malama Nuhad, da sukari ne da shi, za ki ce ya ajiye allurarsa ya yi azumi?" Na ce a'a. Ban iya ɗaga kai ba. Ya ce a fahimtarsa wannan maras lafiya ne kamar kowane maras lafiya, ya sha maganinsa ya rama ko ya ciyar, kuma allurar da ake yi a ƙarƙashin fata ba ta karya azumi. Ya yi alkawarin zai faɗa a huɗuba kafin azumin baɗi. Ita kuma za ta ƙara gurbin a takardarta, ta kuma nemi a riƙa tambayar mutane tun Sha'aban. Ta ce in taimaka mata da kalmomin. Na ce to, amma gaskiya ba ni da ƙarfin komai yanzu. Ko karatun Laraba na ce a ɗaga mini zuwa wani watan.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. An sauya wa Nazih magani. Maimakon kofin kullum, allura ce ake yi masa a fatar ciki sau ɗaya a wata, ba layi, ba buɗe baki a gaban kowa. An yi masa ta farko ranar ashirin da huɗu ga azumi, ta karɓe shi, ya koma aiki. Ta biyu ranar Alhamis ce, ashirin da biyu ga wannan wata, ƙarfe goma na safe. Ya ce ba zai je ba.

Ranar salla da kika kira, ba ki san komai ba, ni na ɓoye miki. Kika ce masa kin yi sujadar godiya da kika ji ya rabu da gubar nan, kika ce kada ya kuskura ya koma, kika sa Umma ta yi masa albarka tana kuka. Ina tsaye a bayansa, na ga wuyansa ya yi ja. Tun ranar yake cewa shi ba zai zauna yana cin albarkar ƙarya ba, ko dai ya zama abin da kuke zato ko ya mutu yana ƙoƙari. Na kawo masa maganar Shaihu, ya ce Shaihu bai san shi ba. Na kawo ta Bronwyn, ya ce ita aikinta take yi. Na ce to ni fa, ya yi murmushi ya ce Shaihiya ai fatawarki biyu ce, ta Sha'aban daban ta Shawwal daban, wacce zai ɗauka. Ban ji haushi ba, gaskiyarsa ce. Shekaranjiya na matsa masa a bakin ƙofarsa har ya gaji, sai ya ce: "Yaya Hiyam ce ta goye ni. In ta ce guba ce, guba ce."

Ke kika yaye shi lokacin da Umma take kwance, ke kika kai shi makaranta, muryarki ce a kansa har yau da yake da shekara arba'in da uku da furfura a gemu. Ni na ja shi daga bakin kabari sau ɗaya, ban sani ba ko zan kasance a gida karo na biyu. Na karɓo sabon feshi, ɗaya a jakata, ɗaya a rataye a ƙusa a bakin ƙofarsa, amma feshi sai da wanda zai fesa. Tun ranar ban ƙara zuwa kasuwa na daɗe ba. Ina cikin sallah kunnena yana bayan gida. In ya shiga wanka ya jima sai in sami kaina a tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu. Na gaji, Yaya, gajiyar da barci ba ya saukewa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne, ko da yake na san zai yi miki nauyi. Ki kira shi. Ki ce masa kin san komai, kin san abin da ya faru ranar tara, kuma ke ce kike umurtarsa ya je a yi masa allurar. Kada ki tambaye shi yaushe zai gama. Na tambayi Bronwyn, ta ce wani shekara biyu, wani goma, wani har ƙarshen ransa, kuma ba ta ɗaukar na ƙarshen a matsayin wanda ya faɗi. Ni ma da wuya na haɗiye wannan. In ba ki gamsu ba, ki je wurin malamin da kika yarda da shi ki ba shi labarin yadda na ba ki, kada ki rage komai, har da tsayawar hannuna. In kuma fushi za ki yi saboda ƙaryar da na yi miki, ki yi da ni, na cancanta, amma ki bari sai bayan Alhamis. Maganar gaya wa Umma na bar miki, kin fi ni sanin abin da zuciyarta za ta iya ɗauka.

Ki gaishe mini da Umma, ki sumbaci hannunta a madadina, ki ce ta sa mu a addu'a ba tare da kin faɗi dalili ba. Ina gaida Abu Ziyad da Ziyad da amaryarsa, da Rudaina da 'yan biyunta, da Gwaggo Wafika in har tana gane mutane. Abu Karim da Lamis suna gaishe ku, ba su san na rubuta wannan ba. Nazih ma bai sani ba.

Takardar za ta iso ki ranar Laraba in Allah ya so, kwana takwas ke nan kafin ranar. Ki kira da kin idar da sallar asuba, lokacin a nan wajenmu rana ta take, yana zaune cikin motarsa yana cin abinci shi kaɗai, ba wanda zai ga fuskarsa. In bai ɗauka ba ki sake kira, yakan daɗe yana kallon sunanki kafin ya amsa. Ranar Alhamis zan fito da mota tun tara da rabi in tsaya a ƙofar gida. Ni dai ba zai shigo don ni ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarki,
Nuhad, Ummu Karim